Ikilima da Shekarun Aro

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, wai na bar Ikilima kwance a fili da kumburarren hannu na tafi harkata, to ga ta nan ta tashi. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto kina tsine wa Mariamou, ki sassauta. A filin manya haka ake yi wa baƙuwa sannu da zuwa.

*

Tunda Ikilima ta shiga asibitin nan na unguwar Malaz a birnin Riyad ƙafarta ba ta daina kaɗawa ba. Ta zauna, ta miƙe, ta duba agogon bango, ta duba na waya ko za su saɓa a samu rangwame. Goma da kwata na safiyar Alhamis. Ƙarfe biyar na yamma Kaftin Nuf, mai horar da ƙungiyarsu, za ta rufe rajistar rukunin manya, kuma matar nan ko uwarta ce ta zo biyar da minti ɗaya sai dai ta dawo baɗi.

Abu ɗaya tak ya rage: sa hannun likita cewa jikinta zai ɗauki wasan.

Shekara shida ke nan tana wasan dabi, wasan nan na takalmin taya, a rukunin ƙanana, cikin wani tsohon sito a unguwar Sulay da aka share aka zana wa da'ira a ƙasa. Ita ce mai tauraro a hular kwano, wadda aikinta ta kutsa tsakiyar masu tare hanya ta ci maki. Makon jiya iƙamarta, katin izinin zamanta a ƙasar, ta nuna ta cika sha takwas. Aka yanka kek, aka yi hotuna, aka goge sunanta daga allon ƙanana. Yanzu ta bar can, ba ta kuma shiga nan ba. In yau ta kuɓuce mata, shekara guda cur za ta yi a benci tana tafa wa wasu, ita da ko layin burodi ba ta iya tsayawa.

Shekaranjiya aka yi mata gwajin farko da manya. A wajen ƙanana turewa ake yi da lissafi, da an ɗan matsa alƙaliya ta hura usur. A wajen manya kuwa Mariamou, wata 'yar Damagaram mai kitso a shagon gyaran gashi, sau ɗaya ta sa mata kafaɗa, sai ga Ikilima a wajen da'ira ta dafe ƙasa da hannun hagu. Shi ya sa likitar da ƙungiya ke tura 'yan wasanta wurinta ta ce sai an ɗauki hoton ƙashi.

Likitar dattijuwa ce 'yar Sudan, tabarau a kan karan hanci, ba ta gaggawar komai a duniya. Ta manna hoton a allon haske ta daɗe tana kallo. Ta ce babu karaya, targaɗe ne, kwana huɗu zai sauka. Ikilima ta yi hamdala tun matar ba ta rufe baki ba, ta tura mata fom ɗin har da biro a kai.

Likitar ba ta taɓa biron ba.

"Shekarunki nawa kika ce?" Da Larabci suke maganar, wanda ya fi Hausa zama a bakin Ikilima.

"Sha takwas, Dakta. Ga iƙamata."

"Na ga iƙama. Ke nake tambaya."

"To ai duk ɗaya ne."

Likitar ta ɗora yatsa a kan wani siririn layi a wuyan hannun da ke cikin hoton. Ta yi mata bayani a hankali cewa ta wannan layin ƙashin yaro ke ƙara tsawo, in mace ta gama girma sai ya haɗe ya ɓace. Na 'yar sha takwas ya ci a ce ya rufe tuni. Nata a buɗe yake, irin na 'yar sha biyar ko sha shida.

Ikilima ta yi dariya, irin wadda ake yi don a gama magana a tashi. Ta ce ita dama ƙaramin jiki gare ta, tun firamare ita ake sawa a gaban layi, Ummanta ma haka take.

"Yana yiwuwa," in ji likitar. "Allah yana halitta yadda ya so. Amma in ƙatuwar mace ta sake kayar da ke a kan wannan layin, hannun zai iya warkewa a karkace, kuma haka za ki tsufa da shi. Ba zan sa hannu ba sai na ga takardar haihuwarki ta asali, ko mahaifiyarki ta zo mu yi magana. Ina nan har uku."

Ta roƙa. Ta ce yau ake rufewa. Ta haɗa ta da Allah, har da wasu hawaye da ba ta shirya musu ba. Matar ta miƙa mata tishu, ta kira mai bi mata a layi.

*

Sha ɗaya da rabi tasi ta sauke ta a Shifa, unguwarsu. Hawa biyu ta haye da gudu, ta banka ƙofa, abaya ta yi gefe, jaka ta yi gefe.

Umma Rabi na kicin tana kaɗa miyar kuka, kukar da wata 'yar garinsu ta kawo musu lokacin da ta zo umra. Tunda aka yanka kek ɗin nan Rabi ta sauya. Matar da ta shekara shida tana wanke wa 'yarta kariyar gwiwa da hannunta, ita ce yanzu kullum da sabuwar magana: a bari sai baɗi mana, karatu fa, matan can ƙarti ne. Ikilima ta ɗauka tsoro ne irin na uwa mai 'ya ɗaya.

"Umma, ina takardar haihuwata?"

Maburgin ya tsaya.

Rabi ta ce tana Najeriya. Ikilima ta ce to a kira Kawu Badamasi a Malumfashi ya ɗauki hotonta ya turo yanzu yanzu. Rabi ta ce ai ta ɓata. Ikilima ta ce yaushe. Rabi ta ce ruwa ne ya ci ta, shekarar da ɗakin Inna, kakar Ikilima, ya rushe. Amsa uku cikin minti ɗaya, kuma duk tukunyar take faɗa wa, ba 'yar ba. Rabi dai Allah bai ba ta baiwar ƙarya ba, ko yaron goye ya dubi fuskarta zai gane.

"Ke 'yar nan, wanke hannu ki zo ki tankaɗe min gari."

Haka take kiranta tun tasowarta, ke 'yar nan. Ikilima ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, kuma abin bai taɓa damunta ba, don an gaya mata kunyar 'yar fari ce, haka matan gida suke yi.

Ba ta wanke hannun ba. Ɗakin iyayenta ta wuce, ta taka kujera, da hannu ɗaya ta jawo jakar takardun Abbanta daga saman sif, jakar da tun tana ƙarama aka ce ko ƙurarta kada ta taɓa. Ta zazzage ta a kan gado. Tsofaffin fasfo, kwantiragin kamfani, takardar aure, katunan asibiti. Babu takardar haihuwa. Sai wani hoto da ya zamo daga cikin fasfon Umma na farko.

Inna ce, kakarta ta wajen uba, zaune a tabarma da yara mata biyu a cinya, sanye da atamfa iri ɗaya. Babbar ta kai shekara uku, tana hararar mai hoto. Ƙaramar ba ta fi shekara da 'yan watanni ba, yatsa a baki. A bayan hoton da rubutun Abba: Ikilima da Bilƙisu, ƙaramar sallah.

Bilƙisu sunan Inna ne, wannan ta sani. Amma Abba ba zai taɓa rubuta sunan mahaifiyarsa gatsal haka ba, ko da wuƙa a wuyansa.

Da ta juyo, Umma na bakin ƙofa, maburgi a hannu, miya na ɗiga a ƙasa.

"Umma, kun ce ni kaɗai kuka haifa."

Ikilima ta ɗaga mata hoton.

"Wace ce wannan ƙaramar?"

"Mayar da kayan nan kafin babanki ya shigo."

"To wacce ce ni a ciki?"

Rabi ta tako a hankali kamar ƙasan ɗakin na da santsi. Ta dubi hoton. Sai ta ɗora yatsa a kan ƙaramar, mai yatsa a baki.

Ikilima ta saki hoton a kan gado. Ta zauna a ƙasa. Rabi ma ta zauna, ta jingina da gado, ta fara magana tana kallon bango.

Shekara biyu Malam Sha'aban, Abban Ikilima, ya yi a Riyad yana neman bizar da zai kawo iyalinsa. Lokacin da ya shigar da takardu 'ya ɗaya gare su, Ikilima, ta biyun tana ciki. Da bizar ta fito, suna biyu ne a kai, Rabi da Ikilima. Aka yanke shawarar a kai ƙaramar, Bilƙisu, wurin Inna yaye, in an zauna an natsu a nemo mata tata bizar. Saura kwana goma sha ɗaya a hau jirgi ƙyanda ta shiga unguwar. Kwana huɗu babbar ta yi tana zazzaɓi, ranar na biyar aka kai ta makwancinta.

"Na ce ba inda za ni," in ji Rabi. "In binne ɗaya, in bar ɗaya, in hau jirgi hannu biyu? Na ce a mayar wa babanki bizarsa."

Kawu Badamasi ne ya ce ai yara duk kamarsu ɗaya a hoton fasfo, wa zai tsaya yana auna tsawon yarinyar da ke barci a bayan uwarta. Aka ɗauko Bilƙisu daga ɗakin Inna, aka sa mata rigar yayarta aka naɗe hannun rigar. A filin jirgin Kano ba wanda ya ɗaga zanin goyon, a Jidda ma haka. Suka ce in an kwana biyu za a gyara. Sai makaranta ta zo, aka rubuta abin da ke kan iƙama. Daga nan kuma gyaran ya fi ƙarfin kowa.

"Shi ya sa ba kya kiran sunana."

"In kira ki da shi, ita nake kira. Kuma ba za ta amsa ba."

Tausayi ya kama Ikilima, amma haushi ya riga shi isowa, kuma haushin ya fi ƙarfi. Ta tuna shekarun da ta yi tana kuka a kan lissafin da 'yan ajinsu ke yi da wasa, malamai na cewa ba ta da ƙwaƙwalwa. Ta tuna yadda ta riƙa ɓoye wa ƙawayenta cewa ita ba ta fara al'ada ba har suka shiga sakandare. Ashe duk tseren da take yi da 'yan shekara biyu gaba da ita take yi, kuma mutum biyu a gidan nan sun sani suna kallonta.

Ana cikin haka aka ji makulli a ƙofa. Malam Sha'aban ne ya dawo hutun rana daga kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki da yake wa aiki a Sulay, rigar aiki jiƙe da gumi.

"Mamana, ya aka yi da likitar? An sa hannun?"

Ya tsaya a ƙofar ɗaki. Ya ga jakar, ya ga hoton, ya ga matarsa a ƙasa. Bai tambayi kowa komai ba.

"Abba," in ji Ikilima. "Sunan Inna Bilƙisu. Ni Ikilima. Shekara nawa kana ce min Mamana, ban taɓa tambayar dalili ba. Wallahi ni ce sakarya."

"Ba ke ce sakarya ba."

"Shekaruna nawa?"

Ya cire hularsa ya riƙe. "Sha shida da wata biyu."

"Khalas, sai in koma ƙanana. In je in ce wa Kaftin an yi kuskure, ta mayar da sunana a allo. Shekara biyu gare ni a can."

Nan ne fuskar Malam Sha'aban ta sauya, ta zama irin wadda Ikilima ba ta taɓa gani ba. Tsoro ne zalla. Ya durƙusa a gabanta, babba da shi, ya yi ƙasa da murya duk da ba kowa a gidan sai su uku. Ya ce duk ranar da maganar nan ta fita daga ɗakin nan ta shiga takarda, ba gyaran kwanan wata za a kira ta ba. Cewa za a yi ya shigo da yarinya da fasfon mamaciya, ya kuma yi ta sabunta mata iƙama shekara goma sha biyar. Iƙamarsa za ta tafi, ta Rabi ta tafi, tata ta tafi. Kafilinsa, wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ba zai tsaya masa ba, kuma ba zai ga laifinsa ba.

"Ni in an kore ni na san hanyar gidanmu," ya ce. "Ke fa? Ko sunan unguwarmu ba ki iya faɗa daidai ba."

Sai ya kawo tasa dabarar. Akwai wani ƙaramin asibiti da ma'aikatan kamfaninsu ke zuwa, likitan can awon jini kawai yake yi ya buga hatimi, ba ruwansa da hoton ƙashi. In suka tashi yanzu, kafin uku sun samu sa hannu, kafin biyar suna Sulay. Ta shiga manya kamar yadda takarda ta ce, maganar ta mutu a nan.

Zuciyar Ikilima ta yi tsalle, ba za a ɓoye ba. Har ta fara neman takalmi da ido.

"A'a," in ji Rabi.

Duka suka juyo. Matar da ba ta taɓa musa wa mijinta a gaban 'yarsu ba.

"Malam, ba ka ga yadda aka kawo min ita shekaranjiya ba? Ni na san shekarunta, kai ma ka sani. Likita ma da ba ta san mu ba ta gani a ƙashi. Sau ɗaya na yarda aka rufe gaskiya don a wuce da yarinyar nan, ba zan yarda a sake ba don a kai ta a karya min ita. In kuka fita neman hatimin nan, ni zan riga ku zuwa wurin Kaftin ɗin."

Malam Sha'aban ya ce ba ta san abin da take faɗa ba. Rabi ta ce ta sani sarai. Suka yi ta yi, ƙasa-ƙasa, kowa na kiran sunan Allah, miya na ƙonewa a kicin ba wanda ya tashi. Ikilima na tsakiya tana kallon agogon waya. Ɗaya saura. Ɗaya da kwata. In ta shiga manya, hannunta da uwarta. In ta koma ƙanana, ubanta da gidan gaba ɗaya. Ta juya lissafin ta kowace fuska, kamar yadda take neman kafa a tsakanin masu tare hanya, ta rasa ko ta allura.

"Ku bari," ta ce. "Na fasa."

Ta miƙe tsaye.

"Ba manya, ba ƙanana. Zan je in ce wa Kaftin karatu ya yi min yawa, in kwashe kayana. Ba wanda zai sake tambayar takarda."

"Mamana..."

"Abba, don Allah kada ka kira ni da komai yanzu."

*

Bayan la'asar suka kama hanyar Sulay a motar kamfani. Zafi na tashi daga kwalta, manyan motoci sun cika titi, ga jerin sito iri ɗaya hagu da dama. Ikilima ta jingina kai da gilashi, ta ɗaga, ta kunna rediyo, ta kashe. Jakar da ta ɗauko don kwasar kayanta na kan cinyarta, wayam.

Sun yi nisa kafin ta tambaye shi inda aka binne yayarta. Ya ce maƙabartar bayan gari, kusa da wata bishiyar darbejiya, amma bai san ko zai gane wurin yanzu ba, don shi yana nan Riyad aka yi jana'izar. Ta tambaye shi ranar da aka haife ta, ita. Wannan bai yi jinkiri ba. Ranar Talata ce, da hantsi, ana ruwa, Kawu Badamasi ya kira shi yana saman wani bene yana ɗaura na'ura, saura kaɗan ya faɗo don murna.

"Duk shekara in ranar ta zo ina sayo miki kunafa, kayan zaƙin nan da kike so," ya ce. "Kina cewa Abba yau kuma albishirin me."

Ta juya fuska waje don kada ya ga idonta. Tana jin haushinsa, tana kuma jin tausayinsa, kuma ba ta san wanda za ta fara ajiyewa ba.

Ya tsaya a bakin get, don maza ba sa shiga. Ya ce zai jira ta nan.

*

Ƙarar tayu a kan siminti ce ta fara tarbarta, sai usur, sai ihun mata. Ƙafafunta da kansu suka so su ɗauki saurin da suka saba. Manya na atisaye, su goma sha biyu, baƙaƙen riguna, suna zagaya da'ira a dunƙule.

Mariamou ta hango ta, ta ware daga cikinsu ta taho ta ja birki a gabanta, tana haki.

"Ƙanwata, ya hannun? Wallahi kwana biyu ban ji daɗi ba. Amma kin ga yadda kika miƙe? Mun yi maganarki jiya, tauraron nan naki ne in kin shigo."

Ikilima ta ce da sauƙi, ta wuce da sauri, don in ta tsaya minti ɗaya a nan ba za ta iya faɗar abin da ta zo faɗa ba.

Ofishin Kaftin Nuf ɗan ɗaki ne na gilashi a kusurwar siton, tagarsa ɗaya na kallon get. Kaftin na ciki da kofin gahawa da kwamfuta a buɗe. 'Yar Riyad ce, ta haura talatin, ita ta ɗaura wa Ikilima takalmin taya na farko tun tana 'yar mitsitsiya tana riƙe bango. Mace ce mai faɗa, amma a kan 'yan wasanta za ta iya shiga wuta.

Ikilima ta rufe ƙofa. Ta haddace maganarta tun a mota, ta zuba ta a tsaye ba numfashi: karatu ya yi yawa, Umma na buƙatarta a gida, ta gode da komai, ta zo kwasar kayanta.

Kaftin ta bar ta har ta kai aya. Sai ta yi murmushi.

"Kin gama? To zauna. Na san abin da ya faru, ba sai kin yi min ƙaryar karatu ba. Dakta ta turo min rahotonki tun sha ɗaya."

Ikilima ba ta zauna ba.

Kaftin ta ce abin bai ba ta mamaki ba ko kaɗan. Ita dama ta daɗe tana kallon jikin yarinyar nan tana cewa anya. Kuskuren kwanan wata a takardun baƙi ba yau aka fara ba, wani ma'aikaci ne zai buga lamba ba daidai ba a can ƙasarsu, yaro ya yi ta yawo da ita. Kakarta ma har ta rasu ba ta san ainihin ranar haihuwarta ba. Abin da ba za ta yarda da shi ba shi ne a zaunar mata da 'yar wasa mafi sauri shekara guda a kan laifin mai buga takarda.

"Don haka ban jira ki ba," ta ce, tana juyo da kwamfutar. "Na haɗa hoton ƙashin da rahoton Dakta da kwafin iƙamarki, na tura wa kwamitin gasa, na ce a mayar min da ke ƙanana. Har waya na bi su da ita sau uku."

"Kin... kin tura?"

"Tun azahar. Kuma sun amsa, ga shi. Ranar Lahadi ƙarfe tara ki je da mahaifinki da takardar haihuwarki ta asali da fasfon da kika shigo da shi. Su da kansu za su rubuta wa masu iƙama a binciki fayil ɗin tun daga farko a gyara. Shekara biyu za ki ƙara a ƙanana, ya binti. Mabruk."

Ikilima ta kafa wa kwamfutar ido. Ta kama bayan kujera da hannun mai ciwo, ba ta ma ji zafin ba.

"A janye, Kaftin. Don Allah a janye."

"A janye me? Ya riga ya shiga, har lamba sun ba shi." Kaftin ta dube ta da kyau, ta yi dariya. "Dubi fuskarki, kamar wadda aka yi wa mutuwa. Tsoron babanki kike ji? Bar ni da shi."

Ta leƙa taga. Malam Sha'aban na tsaye a jikin motar kamfani cikin rana, hula a hannu, idonsa a kan ƙofar siton.

"Wancan ne, ko?" Kaftin ta miƙe, ta zari abayarta daga jikin ƙusa. "Zo mu je. Ni zan yi masa albishir da bakina."